Shekarar da Na Hana Dage Rabonsa

Tunda kun ce kwana uku aka yi ana koya muku kiwon zuma a cikin Gusau, har aka ba ku takardar shaida mai hatimi, to ku gyara zama ku saurari wanda ya yi shekara goma sha tara yana koyo ya fita ba ko guntun takarda. Na ga akwatunanku, an shafa musu farin fenti kamar ɗakin asibiti. Ɗayanku ma ya ce mini sana'ar ba wuya, wai ƙuda ke aikin, mutum kwasa kawai yake yi. Haka ne. Noma ma ai ƙasa ke aikin. Kallon kitse kuke wa rogo, amma ban ga laifinku ba, don yawancinku nan Damba kuka yi wayo, garin iyayenku sai a labari.

Garin namu yana kudu da Tsafe, inda mota ke shiga sau biyu a mako in direba ya tashi da niyya. Injin niƙa ɗaya ne, shi ma rabin shekara yana jinya. Akwai teburin mai shayi guda a bakin kasuwa, kuma a kan bencinsa ake yanke wa duniya hukunci, tun daga farashin taki har zuwa wanda ya kamata ya mulki Amurka. In ka bar gidajen ƙarshe sai gonaki, sai rafi, daga nan kuma daji ne har inda ƙafarka ta gaji. Ɗorawa, kaɗanya, marke, taura, ƙirya, duk ga su nan. Gada da gadu kullum sai ka ga sawunsu, birai su zauna kan duwatsu suna ƙirga masarar mutane tun ba ta nuna ba, wani lokaci ma gwanki ya gitta. A wancan zamanin duk abin tsoron da ke cikin dajin nan ƙafa huɗu gare shi, ko kuma ba shi da ƙafa sam. Mutum yakan wuni ciki shi kaɗai, in ya ji motsi a bayansa ya san dabba ce.

Aikin farko da maigidana Baba Gajere ya ba ni shi ne kwasar kashin shanu. Na je masa da ƙuruciyata ina lasar leɓe, na ɗauka ranar zan fara shan zuma, sai ya miƙo mini tsohon kwando ya nuna mini hanyar ruga. Wata biyu ina wannan. Ba kowane kashi yake karɓa ba, sai ɗanye na safe, in ya ga ya fara yin ɓawo a kai ya zubar ya dube ni, in koma. Da shi ake yaɓe amya, wato ɗakin da muke saƙa wa ƙudan zuma da ciyawar gamba, dogo kamar ganga. In an yaɓe sai a shanya a inuwa, ba a rana ba. In ya bushe a turara cikinsa da tsaure da kajiji da ɗan tsohon kaki, har sai ƙamshin ya kama shi. Ƙudan zuma ya fi amarya tsirfa. In ɗaki bai yi masa ba ko leƙawa ba zai yi ba, sai ka shekara kana gaida amyar da ba kowa ciki sai ƙadangare.

Baba Gajere gajere ne kamar sunansa, maganarsa kuma ta fi shi gajarta. Ranar da na fara ɗaura amya, na hau ɗorawa da igiyar rama a kafaɗa, na jawo ta sama, na ɗaure tam, na sauko ina jiran yabo. Ya ɗaga kai ya ce, "Sake." Na hau na ƙara ƙulli. Ya ce, "Sake." Sai a hawa na huɗu, cinyoyina duk sun saɓule, na juya bakinta ya bar kallon gabas, sannan ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Sai da damina ta faɗi na ga inda hadari ke bugowa na gane da kaina. Haka ya koya mini komai. Bai taɓa cewa ga dalili ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, don a zamaninmu yaron da ya tambayi maigidansa dalili ya nemi a ce ya fi ƙarfin koyo.

A wurinsa na koyi cewa ba a kwashe amya ƙarƙaf. Ana busa hayaƙi kaɗan, a zare murfi, a yanka saƙar da ta cika, a bar musu kashi ɗaya cikin uku don kada su yi fushi su tashi. Na koyi bambanta zumar ɗorawa da ta kaɗanya da harshe, na kuma koyi cewa harbi a fatar ido ba ya kisa, sai dai ka kwana uku mutane na tambayar ka da wa kuka yi dambe. Zuma ga zaƙi ga harbi, wanda ya fara faɗin haka na tabbata ɗan sana'armu ne.

Masu saye kuwa, Allah ya shirye su. Nakan kai zuma tasha a Gusau cikin kwalabe, tatacciya, na tace ta da farin ƙyalle har sau biyu. Sai wani Alhaji ya sauko daga mota ya ɗaga kwalba ya haska a rana, ya ce wannan ta cika kyau, da hannun mutum a ciki. Ya tsoma ashana ya ƙyasta, ya ɗiga a ruwa, ya ɗiga a ƙasa, ya kira direbansa ya lasa. Daga ƙarshe ya wuce wurin na kusa da ni, wanda na san a bayan gidansu ya dafa mazarƙwaila ya watsa matattun ƙudan zuma biyar a kai. Alhaji na ganin gawa sai ya ce yauwa, ga ta asali. Akwai ranar da mai mazarƙwailar nan ya zo har inda nake ya roƙe ni in riƙa tara masa matattun ƙudan, tunda ni ba na amfani da su.

To, akwai aiki ɗaya da ya fi kowane ɗaure mini kai. Duk ranar da muka cire zuma, Baba yakan ware baƙar saƙa, tsohuwar nan mai 'ya'yan ƙuda farare a ciki, da duk tarkacen da ya rage, ya zuba a kwando. Ko ɗigo ba ya yarda ya zuba a gindin itace. Sai ya aza mini kwandon a ka, in bar wajen amyoyinmu, in ƙetare rafi, in yi tafiyar da ta kai rabin awa zuwa wani falalen dutse, in juye a kai in dawo. Abin da ya faɗa mini game da shi bai wuce kalma huɗu ba: "Aje, kak ka tsaya." Da yake ba rana ɗaya muke cire amyoyin ba, biyu yau uku jibi, tun daga farkon bazara har faɗuwar ruwa, kusan kullum da abin da ake kaiwa dutsen nan. In na koma sai in tarar an share shi tas. Dutse ba ya riƙe sawu, ni kuma an ce kada in tsaya. Zan gaya muku gaskiya, a zuciyata na ɗauka mutanen ɓoye muke ciyarwa. Shi ya sa nakan bi ta bayan gari da kwandon, in na juye kuma in yi ta'awizi in ƙara sauri.

Baba Gajere ya rasu shekarar da aka ba mu jiha. Ba shi da ɗa namiji mai son hawan itace, sai ya bar mini wuƙarsa da igiyarsa da amya arba'in da uku. Su ne gonata, su ne shanuna, da su nake ciyar da mutum tara. A cikinsu akwai wata babba a kan tsohuwar ɗorawa kusa da rafi, wadda ya saƙa da hannunsa a shekararsa ta ƙarshe, da ƙyar yana ganin ciyawar. Ƙudan da ke cikinta ba su taɓa tashi ba. Shekarar farko na yi komai yadda na gada, har da kwandon dutse.

Sai ga Lawali Mai Rediyo. Lawali ɗan garinmu ne da ya yi shekara uku a Gusau yana koyon gyaran rediyo, ya dawo da sukundireba biyu da ilimin duniya gaba ɗaya. Ko ka kai masa rediyo bai gyaru ba, za ka dawo da labarin abin da ke damun ƙasar Rasha. Shi ne limamin bencin mai shayi. Wata safiya, shekara biyu bayan an ba mu jiha, na zauna an miƙo mini kofi, sai ya ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji.

"Malam Isa, wai mi kaka kaiwa bisa dutsen can ƙetaren rahi? Mutane na hwaɗin magana."

Na ce tarkacen saƙa ne, haka na tarar ana yi. Ya ce ai masu bautar duwatsu ma haka suka ce, sun tarar da iyayensu na yi. Ya tambaye ni wa ke ci. Na ce ban sani ba. Ya tambaye ni amfaninsa, shi ma na ce ban sani ba. Shekara ashirin ina ɗaukar kwandon nan, ga mai gyaran rediyo ya ƙure ni gaban mutum goma. Kunya ta kama ni ƙwarai, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne abin da ya faɗa a fili shi nake zargi a ɓoye. Kafin azahar labari ya zaga gari. Da la'asar wani dattijo da muke sahu ɗaya ya ɗan matsa ya bar tazara tsakaninmu.

A makon nan na kai zuma Gusau, sai wani baduku da ke sayen kaki a wurina don murza zare ya ce kakin ya yi masa kaɗan, ko baƙar saƙa ce in narka in kawo, zai saya. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na dawo gida na sanar a bencin mai shayi cewa na bar kai komai dutse, na tuba. Aka yi ta sa mini albarka, Lawali ya saya mini shayi har da burodi, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Ban ga dalilin ambaton baduku ba. Na sami tsoron Allah mai riba, ina tafe ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka. Matata Hassi kaɗai ta ce tsohon nan bai yi kama da mai wahalar da kansa a banza ba, na ce mata ta tsaya ga tukunyarta.

Bazarar ta zo da albarka. Na fara cira, baƙar saƙa duk na haɗa ta a kwando na yi gida da ita, tana ɗiga a hanya ban kula ba. Har na riƙa zama a gindin itace ina ware ta a natse, tunda ba sauran doguwar tafiya.

Kwana tara da farawa, na je da safe duba amyoyin da ke gefen marke, tun daga nesa na ji kukan ƙuda ba irin na masu aiki ba. Amya uku na ƙasa. Ba faɗowa suka yi ba, an cinye igiyar, an farke su tun daga baki har gindi kamar an tsaga kabewa. Zumar na nan ta malale a ƙasa tururuwa na biki, amma saƙar 'ya'yan babu ko ɗaya. Wani wari kuma ya cika wurin, irin wanda ke sa mutum ya tofar da yawu. Na ce ɓarayi ne. Na koma gari na yi ta zargin makiyaya da 'yan farauta. Lawali ya ce iskokin ne suka yi fushi, in daure, jarrabawa ce. Wato mutumin da ya ce in daina ciyar da su, shi ne kuma ya fi kowa sanin halinsu.

Bayan kwana biyu aka sauke huɗu. Na kewaye gindin itatuwa da ƙaya, aka ture ƙayar gefe. Na naɗa tsohon kwanon rufi a jikin wata kaɗanya, aka hau ta maƙwabciyarta aka tsallako. Na ari karnuka biyu na ɗaure a can, da safe na tarar ɗaya ya tsinke igiya ya riga ni zuwa gida, ɗayan kuma ya rasa rabin kunne, tun daga ranar bai ƙara yarda ya ƙetare gonaki ba. Ƙudan da ba a taɓa ba ma suka fara tashi saboda warin. Cikin mako uku, daga arba'in da uku na koma goma sha huɗu. Na daina zuwa shan shayi. Abinci ma Hassi sai ta ajiye ta ɗauke.

Da na ga abin zai kai ni ga bara, na je wurin Mani maharbi, wani tsoho da suka yi zamani da Baba Gajere, wanda ba ya zama benci don ya ce surutu na kore nama. Ya bi ni har gindin marke. Bai dubi amyar ba, ƙasa ya duba, ya shaƙi iska, ya yi tsaki.

"Dage na," in ji shi.

Na san dage a labari. Dabba ce ba ta kai kare tsawo ba, baƙa da farin baya, fatarta ko mashi da ƙyar yake huda ta, taurin kai kuwa ba a magana. Maharba sun ce in ya iso amya juya mata baya yake yi ya saki tusa, ƙudan su bugu, ya ci abinsa a natse. Mani ya ce ba zumar ta dame shi ba, 'ya'yan yake so. Sai ya ɗauki sawun ya bi shi da baya, ni ina biye. Sawun ya bi ta kan hanyar da nake bi da kwando mai ɗiga, ya gangara rafi, ya ƙetare. Tun kafin mu kai na san inda za mu. A gefen falalen dutse ƙasa duk a tone take, ga sawu sabo bisa tsoho, na kwana da kwanaki. Ya yi ta zuwa yana tarar da wayam, har ya gaji ya bi ƙamshi ya zo ya ɗauka da kansa.

Mani ya ce da bazara ne abinci ke yi wa dage wuya, shi ya sa Gajere ke tara masa a nan, nesa da amya, ruwa a tsakani, har damina ta faɗi ya koma kan ɓeraye da macizai. Ya yi mamaki da ban sani ba. Na ce ba a gaya mini ba. Ya ce to na tambaya? Da na ce ya taimake ni ya harbe shi, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce in ma an yi sa'a an kashe wannan, wani zai gaje wurin, wanda bai san dutse ba sai itace.

"Wanga dage ɗalibin Gajere na, awa kai," ya ce. "Tare kunka yi karatu. Shi dai ya riƙe nashi."

Ban taɓa shan zagin da ya shige ni kamar wannan ba.

Magani ɗaya ne, a mayar da shi dutse. Amma baƙar saƙar da zan ba shi na riga na narke ta, baduku na can yana murza zare da ita. Garin neman gira na rasa ido. Sha huɗun da suka rage kuwa in na farke su don in ciyar da shi, me na tsirar? Dole na hau mota zuwa Mada wurin wani mai amya da muka daɗe ba ma ga maciji saboda rigimar wurin zama a tasha. Na gaishe shi har ƙasa, na roƙe shi sharar amyarsa. Sai da ya sa na ba da labarin tun daga farko, ya kira maƙwabtansa na sake bayarwa, sannan ya cika mini buhu biyu. Bai karɓi ko kwabo ba, ya ce dariyar ta ishe shi.

Kwana biyun da na yi a wannan tafiya sun ci mini amya biyu. Ɗaya daga ciki ita ce babbar ta kan tsohuwar ɗorawa. Na tarar da ita a ƙasa a farke, ciyawar da Baba ya saƙa da makafin idanunsa a watse, guntun igiyar na lilo a reshe. Na zauna a wurin na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Washegari da hantsi na cika kwando na aza a ka. Ban bi ta bayan gari ba. Na ratsa ta tsakiyar kasuwa, ta gaban mai shayi, benci cike. Lawali ya ajiye kofi.

"Malam Isa, an koma ruwa ke nan?"

"An koma," na ce. "Na gano mai cin abin. Taso mu tahi tare ka yi mai bayani da bakinka, ni na gaza."

Ya ce akwai rediyon hakimi a hannunsa da ake jira kafin labaran rana.

Na juye a kan dutse, kwana uku a jere ba a taɓa ba, ina kwana da fargabar sha biyun da suka rage. Rana ta huɗu na tarar an share shi tas, an kuma bar mini kashi a tsakiyar dutsen, daidai inda nake ajiye kwando. Na ɗauka sa hannu ne. Daga ranar ba a ƙara sauke mini amya ba. Sai da na yi shekara biyar kafin in koma arba'in, ita kuwa ɗorawar na ɗaura mata sabuwa sau uku, ƙuda bai shiga ba.

Don haka ku ɗauki fararen akwatunanku ku kai inda za ku kai. Na ga ƙafafun da aka yi musu ba su kai gwiwata ba, dage ko miƙewa ba sai ya yi ba, zai sa muku albarka. Ku dai da bakin tambaya gare ku, ku tambaya tun masu amsa na da rai. Ni nawa mai amsar na bi shi shekara goma sha tara da kwando a ka. Guntun igiyarsa na nan a reshen ɗorawa, ban kwance ba, har ranar da dajin ya fi ƙarfinmu muka taso.